Wa Ya Ce Tafi?

Ƙyauren ya sauko Zabiya tana tsakiyar jan baitinta na ƙarshe. Ƙarfe ne zalla, sai ƙarti sun taru kafin su motsa shi, da igiya ake sako shi daga saman dandali. Yadda aka tsara, sai ta gama waƙar ta taka gaba, sannan ya faɗo da ƙarfi a bayanta kamar an rufe ta a kurkuku. Ranar nan a kanta ya faɗo. Makaɗa suna can ƙasa cikin raminsu ba su ga komai ba, suka ci gaba da kiɗa har sai da na fizge abin kunnena na kurma ihu. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Gwajin ƙarshe muke yi, da la'asar, washegari za a buɗe wa 'yan kallo.

Ni ce Uwar Dandali, haka suke kirana. Ba na waƙa, ba na rawa, ɗan kallo bai taɓa ganin fuskata ba. Ina zaune a wani lungu gefen dandali da abin kunne a ka, makirufo a baki, kuma duk abin da ya motsa a wasan nan, fitila ce ko labule ko bango, da izinina ya motsa. In abu ya kusa sai in ce, "Igiya, a shirya." Mai igiya ya ce, "Na shirya." In lokaci ya yi in ce, "Tafi." Kalmar nan ɗaya ita ce aikina. Ba mai furta ta a layi sai ni. Ko tafin 'yan kallo za ka ambata, sai dai ka ce "hannu", domin a cikin waya tafin hannu da tafi na tafiya duk ɗaya ne a kunnen wanda ke riƙe da igiya. Darakta da kansa ya taɓa korar wani mai fitila a kan haka, a gaban kowa.

Mai igiyar kuwa yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar iyayenmu, shi ya kawo ni gidan wasan nan tun ina ɗinke wa 'yan rawa maɓallan riga.

Da 'yan sanda suka zo, sufeto ya tara mu a kan dandalin, jinin ma ba a gama gogewa ba. Ya tambayi Yaya me ya sa ya saki ƙyauren.

"An ce tafi," in ji Yaya.

Na ce, "Wallahi ban ce ba! A shirya kawai na ce."

Sufeto ya kalle ni, ya kalle shi. "To ai ɗayanku ne. Ku zaɓa."

Yaya ya daɗe yana kallona, irin kallon da yake yi mini ina ƙarama in na fasa kwano na ce ba ni ba ce. Sannan ya juya ga sufeto.

"Na tuna, yallaɓai. Ba wanda ya ce komai. Hannuna ne ya kuɓuce."

Suka sa masa ankwa a gabana. Ban taɓa jin takaici irin na ranar ba, domin na san Yaya, na san hannunsa ba ya kuɓucewa. Ya ɗauka ni na faɗi kalmar, ya zaɓi ya tafi gidan yari a madadina.

* * *

Washegari da hantsi aka turo mana wani daga sashen bincike. Mai Sawu suke ce masa, don ƙasa yake kallo fiye da fuskar mutum. Dattijo ne mai tumbi da ciwon gwiwa, da farin hankici yana ta share gumi. Da na gan shi na ce a raina, wannan kuma kafin ya hau matakala Yaya ya gama zaman kaso.

Gidan kuwa ya riga ya rabu. Wasu na cewa barci ne ya ɗebe ni na saki baki, wasu na cewa tsufa ya kama Yaya. Mafi yawansu sun ɗora wa 'Yar Jira, yarinyar da ke haddace waƙoƙin Zabiya don ta tsaya mata in ba ta da lafiya. In ta shigo ɗakin kwalliya sai kowa ya miƙe ya bar mata shi.

"Malama, kai ni inda yayanki yake tsayawa," in ji Mai Sawu.

Muka hau barandar igiya, yana hawa yana nishi yana zagin wanda ya ƙera matakalar. A sama ya tsuguna da ƙyar, ya shafa igiyar, ya duba birkin, ya ɗauki safar hannun Yaya ya juya cikinta.

"Daga nan yana ganin mai waƙar?"

"Ba ya gani. Labule ya tare shi. Da kunne yake aiki."

"In igiyar nan ta ƙwace wa mutum fa?"

"Za ta ƙone masa safa, ƙyauren ya daki ƙasa ya yi tsalle."

Ya miƙo mini safar. Lafiyarta ƙalau. Ya nuna mini jan zaren da Yaya ya ɗaure a jikin igiyar, alamar inda ake taka birki. Zaren yana daidai bakin birkin.

"Wannan ba kuɓucewa ba ce, aiki ne mai kyau," ya ce. "Ya ja, ya tsayar a inda ya saba. Ko dai da gangan ya kashe ta, ko wani ya ce masa ya ja."

"Yaya ko kaza ba ya iya yankawa."

"To saura ke."

"Na ce ban faɗa ba! Sau nawa zan maimaita?"

"Ki adana ihun, Malama, za ki buƙace shi. Wane ne kuma yake da baki a layin nan?"

Na lissafa masa. Mai Sauti da mai fitila, amma su ɗaki ɗaya suke zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa na jin numfashin ɗan'uwansa. Sai wani abin kunne da ke rataye kusa da ɗakin sauya kaya. Sai ɗaya a teburin Darakta, can tsakiyar kujerun 'yan kallo.

* * *

Ƙarƙashin abin kunnen da ke rataye kusa da ɗakin sauya kaya, Mai Sawu ya haska tocila a ƙasa. 'Yan rawa suna taka wata farar hoda don kada su zame, kuma ga ta nan ta bar sawun ƙananan takalma, an tsaya wuri ɗaya an daɗe. Murna ta kama ni, Allah ya yafe mini. Ni dai a samu wani, ko wane ne, a sako mini Yaya.

Aka kira 'Yar Jira. Idanunta sun kumbura.

"Sawunki ne wannan?"

"Nawa ne, Baba. Kullum nan nake tsayawa ina bin waƙar a baki."

"Kin sa abin kunnen?"

"Ina sawa, don in ji lokacin da Anti Uwar Dandali ke ba da umarni."

"An ce kin daɗe kina jiran wurin marigayiya."

"Aikina ke nan, jira. Ciwon maƙogwaro nake jira ya kama ta na yini ɗaya, ba mutuwa ba." Ta fashe da kuka.

Mai Sawu bai rarrashe ta ba. Ya ciro abin kunnen, ya danna maɓallin magana, ya hura iska a makirufon, ya ce in saurara da nawa. Shiru. Aka kira Mai Sauti, mace ce marar son dogon zance. Ta ce ita ta yanke wayar makirufon tun makonnin baya, saboda 'yan rawa sun mayar da layin wurin gulma. Ana ji da shi, ba a magana.

"Je ki wanke fuskarki," Mai Sawu ya ce wa yarinyar. Da ta wuce ya dube ni. "Na ga kin ji haushi."

Ban musa ba.

* * *

Da azahar Mai Sawu ya kai ni ganin Yaya a bayan kanta, a ofishin 'yan sanda. Yini ɗaya kawai amma ya faɗa, gemunsa ya yi buzu-buzu. Na riƙe ƙarfen ƙofar na ce, "Yaya, don girman Allah ka faɗi gaskiya. Ka ji kalmar."

"Auta, koma gida. Wa ya kai yaranki makaranta yau?"

"Ban faɗa ba, Yaya!"

"Na sani," ya ce, da muryar da ake lallashin mai zazzaɓi. "Makonni ba ki yi barcin kirki ba. Mutum yakan faɗi abu bai san ya faɗa ba. Ni nawa sun girma, naki ƙanana ne. Bar maganar."

Na so in shaƙe shi, na so in rungume shi. Mai Sawu ya matso.

"Malam, ba zan tambaye ka abin da ka ji ba, tunda ka ce ba ka ji ba. Tambayar aiki ce. A waƙar nan, da wace irin murya ƙanwarka take ba ka umarni?"

Yaya ya ce, "Da raɗa. Kiɗan yakan yi ƙasa sosai, in ta ɗaga murya 'yan kallo na gaba za su ji."

"Kullum?"

"Kullum."

A hanya Mai Sawu ya ce in rufe ido. Ya raɗa wata kalma, ya sa direbansa ya raɗa ta, ya tambaye ni wa ya fara. Na kasa bambancewa. Ya ce ko matarsa ba ta iyawa, ya gwada ta.

* * *

Muka sauka ramin makaɗa. Shugabansu, wanda muke kira Sarkin Kiɗa, yana zaune shi kaɗai yana goge sandarsa.

"Ni ban ga komai ba," ya ce.

"Ba gani na zo tambaya ba. Ka ji faɗuwar ƙyauren?"

"Wa bai ji ba?"

"A ina ya faɗi cikin kiɗan?"

Sarkin Kiɗa ya ajiye sandar. "Daidai kan babbar ganga. Cif. Har na ce a raina, yau dai Uwar Dandali ta sauko ta yi wa Darakta yadda yake so. Shi ya sa ban tsaya ba."

Mai Sawu ya juyo gare ni a hankali. "Malama, wane abu ne Darakta yake so da ba ki gaya mini ba?"

Sai a lokacin na tuna. Tun farkon gwaji muke rigimar nan. Darakta yana so ƙyauren ya faɗo kan gangar, Zabiya na ɗaga ƙafa yana dira a bayanta, don 'yan kallo su zabura. Ni kuma na ce sai na ga ta wuce da idona, domin wani lokaci takan ja baitin in daɗin waƙar ya ɗebe ta. Ya kira ni matsoraciya, ya ce na kashe masa wasa. Na ce ya nemo wata Uwar Dandalin in ya matsu. Irin wannan faɗan kullum ne a gidan wasa, ban ɗauke shi komai ba.

Muka sami Darakta a ofishinsa, sanye da baƙaƙen kaya, hoton Zabiya a gabansa. Mutum ne mai kyau da iya magana, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma gashinsa baƙi wuluk yana sheƙi.

"Ni na gano yarinyar nan," ya ce, hawaye na zuba. "Muryarta ba za a sake irinta ba."

"Allah ya jiƙanta. Kana ina lokacin?"

"A teburina. Masu ɗaukar hoto na 'yan jarida suna gaba, ina bayansu."

"Akwai abin kunne a teburin."

Darakta ya yi ɗan murmushin baƙin ciki. "Tambayi kowa, yallaɓai. Ba na sa abin nan. Yana danne mini gashi. Rabona da taɓa shi har na manta."

Gaskiya ne, kowa ya san haka, har tsokanarsa ake yi a bayan ido. Mai Sawu ya yi masa godiya, ya share gumi, amma na lura idonsa yana kan wuyan farar rigar da ke rataye a bayan ƙofa.

* * *

Da yamma ya sa aka tara kowa a kan dandali, aka kawo Yaya da ankwarsa. An ɗaure ƙyauren a sama, amma ba wanda ya yarda ya tsaya ƙarƙashinsa. Mai Sawu ya sa aka jera abubuwan kunnen duka a kan tebur, kowanne da sunan wurinsa.

"Mai Sauti, na ga soson da ke jikinsu sabo ne."

"Jiya da safe na sauya musu duka. Haka nake yi kafin buɗe wasa."

"Duka? Har na teburin Darakta?"

"Na ce duka."

Ya zaro sabon farin hankici. Ya goga a soson nawa, ya ɗaga, ɗan maiƙo ne kawai. Ya goga a na Yaya, gumi da ƙura. Na 'Yar Jira, hodar fuska. Da ya zo kan na Darakta ya goga a hankali, ciki da kewaye, ya ɗaga hankicin sama. Baƙi ƙirin, kamar an shafi gindin tukunya.

Duk idanu suka tafi wuri ɗaya, kan gashin Darakta. Shekaranjiya furfura ce fal a gefen kan Darakta. Jiya da safe ya shigo da sabon rini saboda masu ɗaukar hoto, har 'yan rawa na ƙyafta wa juna ido.

"Rini ne mai arha, in an yi gumi yana zuba," in ji Mai Sawu. "Ya ɓata maka wuyan riga ma. Ka ce rabonka da taɓa abin nan har ka manta."

Darakta ya gyara tsayuwa. "To, na sa. Na ɗan lokaci. Laifi ne darakta ya saurari aikinsa?"

"Ba laifi ba ne. Ka yi magana?"

"Ban... wataƙila na yi magana da kaina. Waƙar ta taɓa ni. Ina jin cewa na yi, nan za a yi tafi. Tafin 'yan kallo nake nufi. In wani ya ji wani abu dabam, wannan tsautsayi ne."

Na ga Mai Sawu ya ɗan yi turus, domin a kunnen baƙo maganar tana da kan gado. Amma mu 'yan gida mun san ba haka ba ne. Mai fitila ya sunkuyar da kai. Wata 'yar rawa ta ce, "Innalillahi."

Na tako gaba.

"Darakta, kai? Kai za ka ce tafi a layi kana nufin hannu? Kai da ka kori mai iyali kan kalmar nan, yana roƙonka kana nuna masa ƙofa? Tun da nake gidan nan ban taɓa jin ka ce tafi ba ko a wurin shan shayi."

"Kuma sai an danne maɓalli ake jin mutum," in ji Mai Sauti. "Ba ya danne kansa."

"Kuma 'yan kallo ba sa yin hannu a tsakiyar baiti," in ji Sarkin Kiɗa daga baya.

Darakta ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana neman wanda zai tsaya masa. Sai ya zauna a bakin teburin, kafaɗunsa suka zube.

"Taku ɗaya ne," ya ce a hankali. "Da ba ta ja baitin ba, da ta wuce. So nake ki gani sau ɗaya, Uwar Dandali, sau ɗaya tak, ki ga yadda zai yi kyau. Kin ƙi ji. Kuma kin ji yadda ya dira kan gangar..."

Ban san lokacin da na ɗauke shi da mari ba. Mai Sawu ya bari sai da na sauke hannu, sannan ya ce, "Malama, ya isa." Ya karɓi makulli a hannun ɗan sanda, ya buɗe ankwar Yaya, ya miƙa ta ga Darakta kamar mai miƙa kofin ruwa.

* * *

Na zaci Yaya zai yi murna. Kowa na rungumarsa, shi yana tsaye yana kallon tafin hannunsa. Da mutane suka watse na same shi zaune a ƙasan matakalar baranda.

"Yaya, tashi mu je gida. An gama."

"Auta, tun kina koyon magana nake jin muryarki. Wani ƙato ya raɗa mini kalma ɗaya, na ɗauka ke ce." Ya share ido da bayan hannu. "Na ja igiya a kan 'yar mutane. Sannan kika rantse mini, ban yarda da ke ba."

"Raɗa ce, Yaya. Ni ma an gwada ni na kasa."

"Shi ya faɗa, amma ni na ja."

Na zauna kusa da shi har mai gadi ya zo kashe fitilu.

Bayan wasu makonni masu gidan suka kawo sabon darakta, aka buɗe wasan, 'Yar Jira ce ke waƙar. Yaya ya ce ba zai koma baranda ba. Na ce in bai hau ba ni ma na ajiye aikin, domin ba zan ba wani igiyar nan a kan yarinyar ba. Ya hau, bisa sharaɗi ɗaya, kuma na cika masa. Na daina raɗa. In wurin ya zo, kiɗa ya yi ƙasa, yarinyar ta taka ta wuce na gan ta da idona, sai in buɗe murya sosai in ce, "Yaya, ni ce. Tafi."

Na kujerun gaba suna ji. Sabon daraktan ya yi ƙorafi, masu gidan sun aiko, na ce su nemo wata.

Duk da haka ƙyauren ba ya saukowa nan take. Yaya yakan tsaya numfashi ɗaya, yana sake sauraron muryar a kansa, sannan ya ja. Kullum a makare yake dira, kowa a gidan ya sani. Aikina ne in gaya wa duk wanda ya makara bayan an tashi wasa, kuma ina gaya wa kowa. Shi ban taɓa yi masa maganar ba.